Kuka, kuɓewa, mulukiya, adas ko taushe: wace miya zata fitar dake hutun zafi a Jidda?

Wata ƙanwata da aka kawo Jidda bara ce ta turo min saƙon murya na minti 7, rabi ƙorafi rabi dariya. Wai "Yaya don girman Allah ku me kuke ci a wannan zafin? Na shiga kicin ƙarfe 11 ban fito ba sai bayan azahar, kayana sharkaf kamar an tsamo ni daga rijiya, yara na hutu suna ta hawa kaina, Abbansu kuma yace shi in bai ci tuwo ba bai ci abinci ba, ga littafin da na fara tun kafin a rufe makaranta har yau ina nan inda na tsaya." Abinda ya raba mata hankali shine akwai wata 'yar garinsu da zata zo Umra, to ta tura kuɗi a ciko mata jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ta riƙe miyar gida, ko kuwa ta haƙura ta koyi irin na mutanen nan, mulukiya (lalo) da shorbar adas (miyar sha ta wani ƙanƙanin wake), tunda kayansu na nan a kowace baƙala, wato kantin unguwa.

Na fara amsa mata sai naga maganar tafi ƙarfin saƙon murya, kuma na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ba.

Zafin nan ba irin bazarar gida bane da ake sha a Afrilu da Mayu ruwa ya sauka a huta. Lokacin da mutanen Kano da Zinder ke tsakiyar damina suna kwaɗon rama da ɗanyen zogale, wato Yuni zuwa Agusta, lokacin ne mu ake gasa mu, kuma daidai lokacin ne makarantu ke rufewa kusan wata 2. Har doka akwai, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. Ni dai nace dokar ta manta da mace mai tuƙa tuwo. Mutanen Makka da Madina nasu zafin busasshe ne yana haura digiri 45, mu na Jidda kuma ga danshin Bahar Maliya, zufa bata bushewa a jiki, kuma danshin nan yana da ruwa da tsaki a maganar ajiyar kayan miya, zan zo kansa.

Da me zamu auna

Na farko kuɗi. Ba kuɗin ganyen kaɗai ba, har naman da miyar ke nema da gas da wutar lantarki. Duk mai iƙama, wato takardar zama a ƙasar, da ke biyan kuɗin murafiƙin, wato na iyalin da ke ƙarƙashinsa, ya san yadda aljihu yake, abin da aka fara da riyal 100 kan kowane kai a wata a 2017 ya kai riyal 400 a 2020, a shekarar ne kuma harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15. Wuta kuwa halala 18 ce (halala 100 ne riyal ɗaya) kan kilowat ɗaya har zuwa 6000 a wata, in kin haura ya koma 30, kuma duk awar da murhu ya yi yana huci a gida esi ne ke biyan bashin.

Na biyu daɗewa, kuma kashi biyu ne: kayan kafin a dafa, da miyar bayan an dafa. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce, dafaffen abinci baya wuce awa 2 a waje, in wurin ya haura digiri 32 ma awa 1 ce, a firji kwana 3 zuwa 4. Wannan dabarar tamu ta gida ta a tafasa miya da dare a rufe a bar ta kan murhu sai da safe, ki bar ta a gida, a kicin ɗin Jidda cikin Yuli bata aiki.

Na uku sauƙi, kuma nan ne nake so ki natsu. Minti nawa tukunya zata yi kan wuta daban, minti nawa ke zaki yi a tsaye a kanta daban. Miyar da zata yi minti 40 tana dahuwa ita kaɗai kina falo ƙarƙashin esi da littafi a hannu ta fi min wadda zata yi minti 20 amma duk ashirin ɗin kina tsaye kina juyawa. Sannan miya bata tafiya ita kaɗai, dole a lissafa da abin da ake cinta da shi, domin sau da yawa ba miyar ce ke kashe mu ba, tuwon ne.

Na huɗu haɗari: ta lalace, ta ɓata wa wani ciki, ko kuma wanda ya fi faruwa, ki gama wahala yaro ya kalli kwano yace "ma abga," wato bana so, ya juya.

Miyar kuka

Da tsohuwar zuma ake magani. Kuka garin busasshen ganye ce, nauyinta kaɗan aikinta da yawa, cokali 3 zuwa 4 ya ishi tukunyar gida mai mutum 6, shi yasa in aka kawo miki daga gida babu miyar da ta kai ta arha. In kuma a nan zaki saya labari ya canza. Kafin rusau ɗin da aka yi a 2022 wanda ya tafi da unguwanni irin su Sabil da Karantina, mun san ƙofar da zamu ƙwanƙwasa a auna mana kuka da daddawa da kanwa, yanzu matan nan sun watse, wasu sun koma gida wasu sun yi nisa, sai dai a nemi mutum ta WhatsApp ko a sa wani ya taho da ita daga wajen titin Shari'a Mansur a Makka, kuma ba zaki ga kaya da idonki kafin ki biya ba.

Wajen ajiya tana yin watanni lafiya lau, amma ba a leda a cikin durowar kicin ba. Shekarata ta farko na bar tawa haka, bayan 'yan makonni ta dunƙule ta koma ruwan ƙasa, warin funfuna na tashi, haka na zubar da kusan rabin mudu ina jin kamar in yi kuka ni ma. Tun daga nan kwalba mai murfin kirki nake sawa, wadda zan yi amfani da ita a sati biyu a waje, sauran a firiza. Daddawa ma firiza, cikin leda biyu, in ba haka ba har ruwan sanyinki sai ya ɗauki ƙamshinta. Dafaffiya kuwa kuka na da halin kirki, tana kwana 3 a firji, kuma ɗumamenta da safe da ɗan man shanu da yaji wasu ma sun fi son shi a kan sabuwa. Samin ɗin da ake sayarwa a nan yana tsayawa a madadin man shanu ba laifi.

Kaɗa ta minti 5 ne, amma minti 5 ne na hannu biyu, ɗaya na barbaɗa gari ɗaya na murza maburgi, kika ɗauke ido ta yi gudaji. Abin da ke cin lokaci romon ne. To ga abin da ya canza min rayuwa, kuma shi ne kusan rabin amsar da zan ba ƙanwata: ranar Juma'a ko Asabar bayan asuba, kafin gari ya ɗau zafi, ina ɗora babbar tukunya ɗaya ta nama da ƙashi mai ɓargo, albasa, citta, masoro, ɗan attarugu, in bar ta tana dahuwa ni kuma ina zaune da littafina. In ta yi sai in raba a ƙananan robobi yadda zata huce da wuri, in jera a firiza, kowace roba miyar rana ɗaya. Ban sa daddawa a uwar romon ba sai ranar kaɗawa, saboda romon nan ɗaya shi zan yi kuka da shi yau, gobe kuɓewa, jibi mulukiya. Da wannan, miyar kuka daga firiza zuwa kwano bata wuce minti 15.

Saura tuwo. Nan ne zufar take. Tuwon samid, wato semolina, shi ya fi sauri, tuwon shinkafa kuma ki nemi shinkafar Masar mai gajeren ƙwaya, ita ce ke narkewa ta haɗe, basmati ko kin kwana kina tuƙi ba zata ba ki malmala ba. Ko wanne ne dai ki sa ran minti 20 zuwa 30 a gaban tururi da muciya a hannu. Ni da daddare nake tuƙawa ko da sassafe, in naɗe a leda, in ya huce ya shiga firji, lokacin ci a ɗumama.

Haɗarinta uku. Kukar da ba a tankaɗe da kyau ba mai yashi, wadda cokalin farko za a ji ƙaras a haƙori kowa ya ajiye. Kanwa in ta yi yawa tana sa gudawa. Sai yaran da aka haifa a nan, wasu kalar kawai suke gani su ƙi. Autana sai da ya kai shekara 6 kafin ya yarda ya ɗanɗana, shi ma don kakarsa ta zo Umra ta zaunar da shi tace "kai mijin, in baka ci miyata ba na fasa auren," ya ci don kunya, yanzu shi ke tambaya.

Busasshiyar kuɓewa

Kusan duk abin da na faɗa kan kuka ya hau kanta, sai bambanci ɗaya mai muhimmanci: ba sai kin jira mai zuwa Umra ba. Sudanawa na kiranta weka, da ita suke miyar da suke cin asida (tuwonsu) da kisra (siririn burodinsu), don haka duk shagon Sudanawa zaki same ta, niƙaƙƙiya ko gutsi-gutsi. Tasu ta fi tamu laushi, sai ki rage hannu in ba haka ba ta yi kauri kamar talge. Kuɗinta tsaka-tsaki, ajiyarta kamar ta kuka. Inda ta gaza shine ɗumame, kwana na biyu yauƙin ya fara mutuwa, na uku ta tsinke. Yara sun fi karɓarta akan kuka, ban san ko don santsin bane. Ita ma dai tuwo take nema.

Mulukiya

Kada sunan ya ruɗe ki, lalo ce, ayoyon da kika sani, Misirawa ne kawai suka mayar da ita sarauniya. Hanya biyu ake samunta. Akwai daskararriya yankakkiya a leda, galibi giram 400, a firizar kusan kowane kanti, leda 2 ta ishi gida. Akwai kuma ɗanya ɗauri-ɗauri, kuma da yake shukar lokacin zafi ce yanzu ne take yawa a halaga, kasuwar kayan miya, tana arha.

Dafa ta babu wuya: romon kaza ya tafasa, ki rage wuta ki zuba, ki juya har ta narke ta haɗe, a gefe ki soya dakakkiyar tafarnuwa da garin kusbara (coriander) a ɗan mai har su yi ja, ki juye a kai ya yi caaa, shikenan. Minti 10 in romo na nan. Sharaɗin shine minti goman nan naki ne gaba ɗaya, ba a rufe ta, ba a barinta ta yi ta tafasa, in ta wuce ganyen ya kwanta ƙasa ruwa ya tashi sama. Wata maƙwabciyata Bamisiriya, dattijuwa, ita ta koya min, ta tsaya a kaina tana cewa "ya binti kashe wutar, kashe wutar," ni kuma hannuna na ƙaiƙayi in jefa daddawa. Daga baya na jefa ɗin a bayan idonta, kuma wallahi ta yi daɗi, da daddawa da ɗan attarugu miyar ayoyo ce sak, maigida ya ci da tuwo bai ce komai ba sai da na faɗa masa daga leda ta fito.

Babbar fa'idarta a wurina ita ce tana da fuska biyu. Da tuwo ta shiga, da farar shinkafa ta shiga, da burodi ma haka, kuma shinkafa in kina da tukunyar lantarki ita ke dafa kanta. Kenan rana ɗaya yara su ci da shinkafa, Abbansu ya ci da malmalar da kika ajiye a firji, miya ɗaya.

Ɗanyar kuma aiki ce, tsinke ganye ɗaya bayan ɗaya, wankewa, shanyawa ya tsane, yankawa. In ke kaɗai ce kar ki fara. Amma in kina da yara masu hutu wannan aikin riba ne, kuma a nan ne nake samun abin da na fi so a duk hutun. Yarana a makaranta Larabci suke karatu, Hausa a baki kawai take, in suka ga rubutun boko na Hausa sai su yi ta in'ina, ƙ da ɗ da ɓ duk baƙi ne a wurinsu. To bayan la'asar sai in baza babban faranti a tsakiyar falo, kowa ya ɗebi reshe yana tsinka, mutum ɗaya kuma an ɗauke masa aiki, shi zai riƙe littafi ya karanta mana da ƙarfi. Ina da wasu tsofaffin littattafan tatsuniya da labarai na Hausa da na sa aka kawo min daga Zariya, duk sun ji jiki. Da farko faɗa ake kan wa zai karanta don gudun tsinka, yanzu faɗan na wa zai ji ƙarshen labarin ne. Babbar 'yata ranar nan ta tsaya a tsakiyar shafi tace "Umma menene gafiya?" muka kwashe minti 10 ana bayani da hannu, ɗauri 3 suka ƙare ba wanda ya lura.

Mulukiya a firji kwana 2 take yi da mutuncinta, bayan nan ta yi duhu. Haɗarin daskararriyar yana tsakanin kanti da gida, in ta zauna a bayan mota cikin ranar nan ta narke, kar ki mayar da ita firiza, ki dafa ranar. In kin taɓa leda a kanti kika ji ta zama dunƙulen ƙanƙara mai ruwa-ruwa a gefe, ta taɓa narkewa, ɗauki wata.

Shorbar adas

Wannan ita ce miyar mai karatu. Jan adas, wanda aka ɓare, baya buƙatar jiƙo, baya buƙatar nama, kuma yana cikin mafi arhar abin da zaki ɗauka a baƙala. Kofi 2, albasa, karas ɗaya, dankalin turawa ɗaya in kina so, tafarnuwa, kamun (cumin), ɗan kurkum, ruwa. Minti 5 na yanka da soya albasa, sai ki zuba komai ki rage wuta ki tafi, bayan minti 25 ya narke, ki markaɗa, a matsa lemun tsami a kai a ci da tamis ko samuli daga gidan burodin unguwa. Babu tuƙi, babu kaɗi. Duka tsayuwarki bata kai minti 10 ba.

Busasshen adas yana shekara a kwalba, ki dai riƙa dubawa saboda ƙwari. Dafaffe kwana 3 zuwa 4 a firji, yana yin kauri ya daskare kamar alala, kar ki tsorata, ruwa zaki ƙara ki ɗumama ya dawo. A firiza ma babu wadda ta kai ta haƙuri a cikin biyar ɗin nan.

Yanzu laifinta. Na ɗaya, saboda tana barinki ki tafi, tana iya sa ki manta da ita. Ni ta taɓa faruwa dani, ina tsakiyar wani labari a waya, an zo daidai inda uwargida zata gano abin da aka ɓoye mata, nace bari in ƙarasa wannan babin, babi ɗaya ya zama huɗu, sai ƙauri ne ya taso ni. Adas yana kwanciya a ƙasan tukunya ya kama, kuma ƙaurinsa in ya shiga babu gyara. Yanzu agogon waya nake saitawa minti 12, in tashi in juya in koma. Na biyu, kar ki zuba ta da zafinta a bilenda ki rufe ki kunna, tururin zai cilla murfin ya watsa miki a fuska da hannu, ki bari ta sha iska ko ki yi amfani da na hannu da ake tsomawa a tukunya. Na uku tana kumbura wa wasu ciki, kamun na ragewa.

Na huɗu shi ne babba: mazanmu basa lissafa ta a abinci. Ranar da na fara ajiye wa maigida ita da dare ya sha tas ya goge baki yace "to Maman yara, an sha ruwa, ina abincin?" A wurinsa shorba abin buɗa baki ne na azumi. Don haka kar ki yi mata kallon mai maye gurbin tuwon dare, wurinta rana, lokacin da shi yana wurin aiki ke da yara ne a gida, kuma dama a tsakar ranar nan ba wanda ke marmarin abu mai nauyi. Yara kuwa sun santa a gidajen ƙawayensu, ba gardama.

Miyar taushe

Na sa ta a lissafi ne don ƙanwata ta ambace ta, amma gaskiya ba miyar kullum bace a zafi. Kabewa akwai, dubba suke ce mata, alayyahu akwai irin nasu, markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuma ki nemi dakwa a wajen Sudanawa wadda ba sukari, kar ki ɗauko ta shafa wa burodi. Yakuwa ce ke wuya, sai a yi dabara da tsamiya ko lemun tsami. Ita ta fi kowacce cin kuɗi saboda tana son nama da jajjage da yawa, ta fi kowacce cin lokaci, awa ɗaya da rabi kina shiga kina fita, kuma ita ta fi saurin tsami in ta zauna a waje. Ki kula da tsohuwar gyaɗa mai funfuna, illa ce ga hanta. Daɗi kam babu mai ja da ita.

Ga su a jere:

| Miya | Kuɗi | Ajiyar kaya | Dafaffiya a firji | Tsayuwa gaban wuta | Abin tsoro |
|---|---|---|---|---|---|
| Kuka | Arha in daga gida, tsada a nan | Watanni, a kwalba ko firiza | Kwana 3 | Minti 15 da romo a shirye, ban da tuwo | Yashi, danshi, yara su ƙi |
| Busasshiyar kuɓewa | Tsaka-tsaki | Watanni | Kwana 2 | Minti 15, ban da tuwo | Tsinkewa a ɗumame |
| Mulukiya | Arha zuwa tsaka-tsaki | Watanni a firiza, ɗanya kwana 2 | Kwana 2 | Minti 10 ba ɗauke ido | Narkewa a hanya, wuce dahuwa |
| Adas | Mafi arha | Shekara | Kwana 3 zuwa 4 | Ƙasa da minti 10 | Ƙauri, maigida yace bai ƙoshi ba |
| Taushe | Mafi tsada | Kwanaki kaɗan | Kwana 2 | Awa 1 zuwa sama | Saurin tsami |

Wace ce taki

In gidanki irin na ƙanwata ne, miji na tuwo yara na hutu ke kuma kina neman awa 2 ta kanki, to ki tura kuɗin a kawo kuka da daddawa, amma kar ki cika wa baiwar Allah jaka da kuɓewa tunda akwai weka a nan, gara wurin ya tafi ga daddawa da yajin gida, su ne ba su da madadi. Rana adas ko mulukiya da shinkafa, dare kuka ko kuɓewa daga romon firiza, tuwo a tuƙa sau ɗaya na kwana 2.

In aljihu ne ya matse, ƙarshen wata ko lokacin sabunta iƙama, adas ce zata riƙe ki, ki haɗa da ɗanyar mulukiya daga halaga da romon kaza ɗaya da aka raba biyu.

In ba ki da mai kawo miki kaya daga gida kuma ba kya son sayen abin da baki gani ba, ki manta da kuka zuwa lokacin aikin Hajji ko Umrar azumi da mutane ke yawan zuwa, mulukiya da daddawa kaɗan zata toshe miki gurbin.

In firizarki ƙarama ce, irin ta saman firji, kar ki cika ta da ledojin mulukiya, ki bar wurin wa romo, ki dogara da busassun kaya, kuka da weka da adas.

In akwai tsoho a gidan, Hajiya ko Baba sun zo sun daɗe, kar ma ki wahalar da kanki da gwaje-gwaje, kuka da tuwo mai laushi, ki rage kanwa da yaji.

In burinki yara su zauna wuri ɗaya su ajiye waya su ji Hausa, ɗanyar mulukiya sau ɗaya a sati da faranti a tsakiyar falo.

Taushe kuma ki bar ta sai Juma'ar da za a yi baƙi, ki ɗora tun bayan asuba, ki kuma sa a ranki ranar ba zaki buɗe littafi ba.